Kayen Almu na Pauwa

Kamfanin Madubin Karkara, masu majigin nan da ke Kaduna, sun kayar da Almu na Pauwa a gaban surukansa da abokan karawarsa, ba tare da wani mahaluki ya taɓa jikinsa ba. Da ƙarya suka kayar da shi. Yau damina biyu ke nan yana kwana a rumfar 'yan dako a tashar Ƙanƙara. Gidansa na nan a Pauwa, mai keke zai je ya dawo kafin rana ta take, amma ba shi da ikon taka ƙofarsa. Uwarsa na kwance ba ta tashi. In ya je ya gan ta, aurensa ya mutu. Zan faɗi yadda aka yi tun daga farko, don kada wani a kamfanin nan ya ce ba a gaya masa ba.

Almu taubashina ne, ɗan goggona Fatsuma, ƙanwar mahaifina. Na girme shi nesa ba kusa ba, kuma na daɗe ina gaya masa cewa ni kaɗai ce a duniya na taɓa kai bayansa ƙasa, a bayan rumbun kakanmu, lokacin yana yawo ba wando. Da can in na faɗi haka dariya yake yi ya ce, "Ke Safara'u, da ba a kai ki boko ba, da ke ce sarkin kokawar ƙasar nan." Yanzu na daina faɗa, don ya daina dariya.

Mahaifinsa ya rasu yana goye. Goggo ta ƙi sake aure, ta rene shi da sana'ar daddawa. Ni aka ɗauke ni makaranta, na yi ta tafiya har sakandare, na dawo ina koyarwa a firamaren Ƙanƙara. Shi ya tsaya gona: dawa, gero, da 'yar audugar da yake kai wa fuloti, wurin awon auduga. Da kaka kuwa, in an gama kai amfani gida, sai kokawa. Tun yana saurayi ya gama da sa'o'insa na Pauwa, ya shiga Ketare, ya shiga Faskari, har can Sabuwa ya je a ƙafa da makaɗinsa. Babu wanda ya taɓa kayar da shi. Ba faɗar 'yan'uwa ba ce, a tambayi kowane tsoho a ƙasashen nan.

Abin da ya sa ake son Almu ba ƙarfin kaɗai ba ne, masu ƙarfi suna da yawa. Shi ba ya buga mutum da ƙasa. In ya ɗaga abokin karawa, sai ya tsaya da shi a sama kamar yana tunanin inda zai ajiye shi, sannan ya nemi wuri mai laushi ya kwantar da shi kamar mai ajiye tulu cike da ruwa. Ya miƙa masa hannu ya tashe shi, ya karkaɗe masa yashin baya. Mutumin da ya fi kowa shan wannan kwantarwa shi ne Lawwali na Ketare, wanda duk kaka sai ya zo, duk kaka sai an karkaɗe masa baya. A wurin irin wannan zuwa ne Almu ya ga ƙanwarsa Larai, ya aure ta. Lawwali ya ce ya bayar ne don a riƙa sassauta masa. Ba a sassauta ba.

Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira motar majigin ta fara zuwa mana. Kamfanin na yi wa masu wani maganin ƙarin jini talla ne. Su kafa farin ƙyalle a filin kasuwa bayan magariba, su haska, wani mutum mai suna Rabo ya riƙe lasifika yana faɗin abin da ke faruwa, don fim ɗin ba ya magana. Manajansu na lokacin dattijo ne mai son kokawa. Ya ga Almu a fage sau ɗaya, ya ce ya sami mutumin da yake nema. Haka aka yi fim ɗin Barden Sama, Almu ne Barden.

Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Ga Almu nan a jikin ƙyalle, girmansa ya kai na bishiya, da warkinsa da layunsa na kokawa, yana noma. Sai a zo da kuka: ɓarayi sun kore shanu, ko motar fasinja ta kafe a laka a hanyar Sabuwa, ko mai naƙuda na wannan gaɓa asibiti na waccan, ga gulbi ya kawo. Sai ya ajiye garma, ya kurɓi maganin, ya yi kirari. Rabo ya ce a lasifika, "Jama'a a riƙe hula!" Sai ka ga Almu ya tashi daga ƙasa cak, ya dira a kan rumbu, daga nan kan mota, daga nan reshen ɗorawa. Filin kasuwa ya ɗauki ihu.

Kada wani ɗan birni ya ɗauka mu sakarkaru ne. Kowa ya san dabara ce. A idon rabin mutanen Pauwa aka ɗauki hotunan. Almu zai hau kan rumbu da tsani, ya juya baya, ya diro ƙasa. In sun je Kaduna sai su juya fim ɗin, ƙarshe ya koma farko, dirowa ta zama tashi. Shi da bakinsa yake ba da labarin a majalisa. Mun sani, kuma muna so. Namu ne. Gonarmu ce, rumbunmu ne, lakar hanyarmu ce da ta ishe mu, aka sami wanda ya fi ƙarfinta ko da a jikin ƙyalle ne. Mata a Faskari suka sa shi a waƙar daka. A Sabuwa aka raɗa wa wani bijimi Barde. Goggo, da idonta ya fara rauni tun lokacin, a gaba take zama, in an yi ihu ta ce, "Ya tashi ko? To Allah shi sauke shi lafiya."

Abin da suke ba shi bai taka kara ya karya ba, ban kuma zo maganar wannan ba. Ya yi wa ɗakin Goggo rufin kwano, ya sayi keke. Ya ci gaba da nomansa.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Aka yi ƙarin albashi, kowane akawu ya sayi babur da rediyo, gidajen silima suka cika a birane. Dattijon manaja ya yi ritaya, aka kawo wani yaro da ya yi karatu a Turai. Shi ne ya duba Barden Sama ya ce ƙauyanci ne. Wai mai kuɗi a yanzu ba ya son ganin garma da warki. Wai za a yi sabon jarumi, Kyaftin Walƙiya, mai jajayen kaya masu kama jiki da hular kwano da babur, mai kama ɓarayin banki a cikin birni. To, kayansu ne. Da sun sallami Almu sun ce mun gode, da ya koma gonarsa, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma sai suka ce a'a, sabo ba zai karɓu ba sai jama'a sun ga ya fi tsoho.

Ba su gaya masa haka ba. Sun zo da rani suka kai shi bakin rafi inda yashi yake. Rabo ne ya isar da saƙon manaja: "Barde, yau faɗuwa za ka yi ta baya, rigingine, ka baje hannuwa. In an juya za a ga kana kwance kana hutawa, sai ka miƙe tsaye ba ka dafa ƙasa ba."

Almu ya ce, "Rabo, bayan nan nawa bai san ƙasa ba fa."

Rabo ya ce, "Haba Barde, yau muka fara? Juyawa za a yi, kamar kullum."

Ya faɗi. Suka ce bai yi kyau ba, ya sake. Ya yi ta faɗuwa yana tashi yana dariya, har manaja ya ce ya isa. Rabo ya rantse mini daga baya cewa shi ma abin da aka gaya masa ke nan, kuma na yarda da shi, don na ga fuskarsa ranar da aka haska.

A Pauwa aka fara haskawa, bayan girbi. Wai girmamawa ce. Mutanen Ketare suka zo da yawa, har da Lawwali da iyayen Larai. Ni ma na je. Aka fara kamar kullum, ga Barde yana noma. Sai ga wani siririn yaro a kan babur. Suka yi cirko-cirko. Aka nuno yaron ya cicciɓi wani abu mai warki ya yi sama da shi. Aka nuno Almu yana faɗuwa rigingine, hannuwa a baje, yashi na tashi. Ba a juya ba. Don ƙarin cin fuska, sau uku suka jera faɗuwar, ta ƙarshe a hankali, yadda kowa zai ƙare mata kallo. Sannan yaron ya kurɓi maganin ya hau babur ya tafi.

Rabo bai ce uffan ba. Lasifikar na hannunsa, bakinsa a buɗe. Filin ya yi tsit, sai ƙarar injin. Sai muryar Goggo: "Mi ya faru? Ya tashi?"

Lawwali ne ya fara dariya. Ban ga laifinsa sosai ba, mutumin da aka yi shekaru ana karkaɗe wa baya. Ya miƙe ya ce, "Kai jama'a! Ashe ana iyawa! Ashe babur ne ba ni da shi!" Aka fashe. Ya ƙara da cewa, "Suruki, ba ni ƙanwata in kai wa mai jan wando, mu gidanmu ba mu ba kayayye mata."

Wasa ne irin wanda suka saba. Amma ranar ba ranar wasa ba ce. Wani dattijo daga cikin masu raba kokawa ya ce, a hankali, ba da mugunta ba, "Tashin dai dabara ce, mun sani. Amma bayan nan da ya taɓa yashi, nashi ne." Almu ya ji. Ya miƙe, hasken injin na dukan ƙirjinsa, inuwarsa ta rufe ƙyallen. Ya ce, "Ku shaida. Yanzu zan bar garin nan. In na sake tako ƙasar Pauwa ban rama kayen nan ba, Larai ta saku, saki uku."

Wauta ce. Na faɗa masa a fuskarsa, ina kuma sake faɗa a nan: babu namijin da ya kamata ya sa matarsa a bakin rantsuwa, kamar akuya a bakin caca. Amma ku duba abin da ke ransa. A saninsa, wanda aka kayar yana da ramuwa. Haka ya taso ya gani, haka ya yi wa duk wanda ya kayar: ka dawo baɗi, ko ka dawo jibi, fage na nan. Ya zaci zai je Kaduna ya nemi yaron, su shiga fili, ya kwantar da shi, ya dawo kafin a gama sussukar dawa. Ko rigar kirki bai ɗauka ba.

Ya je. Maigadi ya hana shi shiga. Ya zauna a bakin ƙofa har guzurinsa ya ƙare. Da manaja ya gaji da ganinsa sai ya aiko a ce masa wasan kwaikwayo ne, ba kokawa ba, ya tafi gida. Gida kuwa ya riga ya rufe wa kansa. Ya dawo iyakar Ƙanƙara ya tsaya.

Mun bi malamai. Liman ya ce da rantsuwa ce da Allah, da kaffara ta wadatar, ya ciyar ko ya yi azumi. Amma wanda ya rataya saki a kan wani aiki, in ya aikata, ya auku, babu kaffara. Alƙali ya ce haka ne. Wani malami ya kawo dabarar a raba auren na ɗan lokaci ya shiga ya fito a sake ɗaurawa. Liman ya ce da an sake ɗaura auren, rantsuwar za ta dawo ta same shi a cikin garin. Larai ta ce an yi wasa da aurenta sau ɗaya, ba za a yi na biyu da yardarta ba. Lawwali, wanda tun daren nan bai sake shiga fage ba, ya zo ya tuɓe riga a tsakiyar tasha ya ce, "Ga ni, ka kayar da ni a madadin yaron, ai ka saba." Liman ya ce ba shi aka rantse a kai ba. Yanzu Lawwalin ne ke nome masa gona.

A halin nan motar majigi na ta yawo da fim ɗin. A Faskari aka jefi ƙyallen da hoge har sai da suka kashe inji. A Sabuwa mutane suka ce a sa musu tsohon Barde, direba ya ce an karɓe tsofaffin duka an kulle a Kaduna. Washegari motar ta kafe a laka a bayan gari, magidanta suka zo suka tsaya suna kallo, hannu a baya. Ɗaya ya ce, "Ku kira mai babur shi fitar da ku." Sai da suka kwana biyu a nan. Amma kada in yi ƙarya: samarin Ƙanƙara da yawa sun so Walƙiya. Suka shiga ɗinka jajayen riguna, masu babur suka shiga tayar da ƙura a kwana. Majalisu suka rabu biyu, 'yan Barde da 'yan Kyaftin, har an yi dambe a wani gidan biki. Duk inda aka yi rigima, in motar ta dawo, taron ya ninka. Rabo ya ajiye aikin. Suka ɗauki wani.

Shi kuwa mutumin da ake rigimar a kansa yana tasha yana sauke buhuna. Da can fasinja in sun gan shi sai su ce, "Barde, a ɗan tashi mana!" ya yi musu dariya. Yanzu sai su nuna shi da baki, wani ya baje hannuwa ya yi kamar zai faɗi ta baya. Shi kuwa sai ya ɗora buhu biyu a kai, ya wuce. Ya rame a wuya. Ya cire layunsa ya ƙulle a tsumma. In ya ji kalangu daga nesa, sai ya koma bayan rumfa.

Na ce ya zo gidana ya zauna, akwai ɗaki a zaure. Ya ce, "In na kwanta a ɗaki mai ƙofa, zan saba. Bar ni inda nike jin sanyi, in riƙa tuna ba gida nike ba."

Na ce, "Kai dai taurin kai ne zai kashe ka, bawan gidanmu."

Ya ce, "Ai gadonku ne, wajen uwa na samo."

Da aka ba mu hutun makaranta na shiga mota na tafi Kaduna da kaina. Maigadi ya ga takalmi da jaka, ya buɗe. Manaja ya karɓe ni a ofis mai sanyi, bango duk hotunan jan yaron nan. Na faɗa masa komai, kamar yadda na faɗa a nan. Ya saurara yana juya biro. Ya ce, "Hajiya, abin tausayi ne ƙwarai. Amma ba mu muka sa shi rantsuwa ba."

Na ce, "Ban je Makka ba tukuna, Malama ta isa. Ba ku sa shi rantsuwa ba, amma kun ce masa za a juya. An juya?"

Ya ce, "Wannan shawara ce ta aiki. Zamani ya canja. Mun yi bincike, jama'a na son sabon abu."

Na ce, "Ban hana ku sabon abu ba. Aron yaronku nake nema na yini ɗaya. Ya shiga fage, Almu ya kwantar da shi, shi ke nan."

Ya yi dariya, ya koma Turanci, wataƙila don in ɓace. Na bi shi can. Ya ce Kyaftin Walƙiya ba ya faɗuwa. Ya ce duk tsarinsu a kan haka aka gina shi, akwai finafinai a jere da za su fito, za a kai su gidajen silima na birane, an buga hotonsa a jikin kwalba. In aka ji wani manomi ya kayar da shi, wa zai sayi maganin?

Na ce to a yi a ɓoye. A bayan tasha, da Liman da shaidu biyu, ba kiɗa ba taro.

Ya ce, "Malama, ke kin san ƙauye. Kafin yaron ya karkaɗe wandonsa labari ya kai Funtuwa."

Ya danna ƙararrawa aka kawo rediyo sabo a kwalinsa da katan ɗin maganin, wai a kai wa Almu. Na ce ya sha maganin da kansa, ko zai sami jinin da zai ji kunya da shi. Na fito.

A bakin ƙofa na ci karo da Kyaftin ɗin. Ba jajayen kaya, sai 'yar shat da tabarau, yana cin gyaɗa. Sunansa Harisu. Hannunsa bai kai kaurin muciyata ba. Da ya ji daga inda nake sai ya rusuna har ƙasa. Ya ce, "Inna, wallahi ban taɓa ganin Barde ido da ido ba. Buhun ƙaiƙayi aka ɗaura wa warki aka ce in ɗaga in jefar, shi ma sai da mutum biyu suka tallafa mini ta ƙasa. Ni da nake tsallake katangar makaranta in je kallonsa!"

Na ce, "Za ka zo ya rama?"

Ya ce, "Zai karya ni?"

Na ce, "Bai taɓa karya kowa ba. Kwantar da kai zai yi, ya karkaɗe maka baya."

Ya dubi tagar manaja. Ya ce, "Ni zan so. Amma ranar da na yi haka ba da izninsu ba, ranar za su kore ni. Ni ke riƙe da gidanmu, Inna."

Ban zage shi ba. Shi ma a ɗaure yake, igiyarsa ce kawai ta fi tsawo. Da na dawo na gaya wa Almu cewa buhun ƙaiƙayi aka kayar, na zaci zai ji sanyi. Sai ya ce, "To shi buhun an gan shi a ƙasa? Ni aka gani."

Ranar kasuwa Larai kan zo, in ta sami mai zama da Goggo. Ta kawo masa dambu a kwano da wankakkiyar riga. Su zauna a kan benci a gefen masu sayar da rake, kamar masu zance, mata da miji masu 'ya'ya huɗu. Ba ta iya kwana, don Goggo ba ta iya juya kanta, sai an juya ta, kuma hannun Larai kaɗai take yarda da shi. Bara, da sauran ƙarfinta, an ɗora ta a amalanke aka kawo ta bakin rafin da Liman ya ce nan ne iyakar ƙasar Pauwa, aka haye da ita. Almu ya durƙusa ta shafa kansa da fuskarsa, ta ce, "Waɗanga ƙasusuwa na wa ne? Ba ka cin abinci?" Sannan ta ja kunnensa da ƙarfi ta ce, "Wanga kuma na bakinka ne da ba ya da linzami." Bana ba ta ɗaukuwa. Ko zaunar da ita aka yi sai numfashi ya sarƙe.

Kasuwar da ta wuce ina wurin. Larai ta ajiye kwano ba ta buɗe ba. Ta ce, "Malam, jikin Goggo ya yi nisa. Jiya sunanka ta kwana kira. Ka je ka gan ta. Ni na yafe, in ya auku ya auku. Uwa ɗaya gare ka."

Almu bai ɗago ba. Ya ce, "Ita mi ta ce?"

Larai ta kau da kai. Na ce, "Faɗa masa mana."

Ta ce, "Ta ce in ka zo ba ta yafe ba. Ta ce in na saku wa zai riƙa juya ta, wa zai riƙe yaran. Ta ce ita ta gan ka, ganin ya ishe ta, tun kana tashi sama."

Matarsa ta ce ya je, uwarsa ta ce kada ya zo. Ya zauna yana kallon hanyar Pauwa, har wani direba ya buga masa tsawa a kan buhunan masara. Ya tashi ya je ya sauke.

Wannan shi ne Almu ɗan Fatsuma, manomi, ɗan kokawa, wanda kamfanin Madubin Karkara ya yi shekaru yana sayar da magani da ƙirjinsa, sannan ya sayar da bayansa. Ba mu neman rediyo. Ba mu ce ku dawo da Barden Sama ba, ku riƙe shi a kulle in kuna so, ku yi ta yin jarumanku masu babur har ku gaji. Abu ɗaya ne. Ku sa Harisu a motarku, ku ba shi izni da tabbacin aikinsa, ku kawo shi Ƙanƙara ranar kasuwa mai zuwa. Akwai yashi mai laushi a bayan tasha, ni da kaina zan sa a tsince tsakuwar. Liman zai zo da shaidunsa. Yaronku zai kwanta ya tashi a karkaɗe masa baya, ku koma da shi Kaduna kafin la'asar ba ƙwarzane. In kuna tsoron a ji, to a ji. Ku ba ku ji tsoron a gani ba ranar da kuka haska na Almu sau uku a gaban uwarsa.

Manaja, kai nake wa magana. Tsohuwar nan ba za ta jira finafinanku su gama fitowa ba. Ka kawo yaron.